Ƙarfe Biyu a Gindin Tukunya

Ƙarfe biyun dare, kakar rake,
motoci sun ja layi tun daga hanyar Sinnar.
Ni da fitila da ɗan ma'auni a gindin tukunyar tururi.
Na manna shi jikin bango
kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci.
Ya ce: ɗari biyu da casa'in.

Na haska farantin tagulla
da aka kafa tun ba a haife ni ba.
Shi kuma ya ce: kada a wuce ɗari.

Gabana ya faɗi.
Kusan ninki uku!
Na hango bulon wuta ya zube a ciki,
na hango injin ya yi shiru, rake yana tsami a rana,
na hango sunana a bakin kowa har Maiwurno.
Hannuna ya kai kan ƙararrawa.

Usta Bakhit yana kan buhu, yana kurɓar jabana.
Bai tashi ba.
Ya miƙa bayan hannu wajen bango, ya lumshe ido ɗaya.
Ya ce, yaro, bangon nan lafiyarsa lau.
Ɗari biyu da casa'in na me?
Ɗari na me?

Na me.
Shekara biyar a Wad Madani ina cinye littafi,
ga tambaya mai gaɓa biyu ta kayar da ni.

Na zauna, na juya bayan takardar aiki.
Ma'aunina yana ƙirga wat a kan murabba'in mita.
Farantin yana magana da bakin mutanen da:
bi-ti-yu, cikin awa guda, a kan murabba'in ƙafa.
Ɗaya nasu, uku da ɗigo ɗaya biyar biyar namu.
Ashe ɗarinsu ɗari uku da sha biyar ce, har da rabi.
Na raba tawa, ta dawo casa'in da biyu.
Saura takwas.
Gumi ya fara huce mini a wuya.

Usta ya zaro wani littafi daga aljihun jallabiya,
duk man inji, bangonsa ya tafi.
Ya ce, wannan kuma da kilokalori yake rantsuwa.
Na raba da ɗaya da ɗigo ɗaya shida uku.
Ɗari biyu da hamsin, ba kaɗan.
Bango ɗaya, wuta ɗaya, dare ɗaya,
suna uku, kamar yaron da kakanni suka yi wa yawa.

Sai na tuna Baba Jazuli, mahaifina,
mai agashe a bakin kasuwa.
Shi tafin hannu yake shimfiɗawa bisa garwashi, ya ƙirga.
In ya kai bakwai bai janye ba, a ƙara ice.
In huɗu ta kore shi, a jera tsinke.
Ban taɓa tambayarsa bakwai na me ba.
Tafinsa bai kai murabba'in komai ba,
amma zafin da ke ratsa shi a kowane numfashi
shi ne dai wannan da nake bi da biro.

Inna ma takan ce kakanta ya iso ƙasar nan da mudu a kansa,
ya tarar ana awo da malwa.
Shekara guda yana zaton ana cutarsa
kafin ya gane dawar ba ta canja ba.

Na rubuta lambar a rajista,
na bi ta da cikakken sunanta, harafi harafi,
har layin ya ƙare na gangara gefe.

Usta ya zuba mini sauran jabanar.
Ta yi sanyi, ga citta ta kwanta a ƙasa.
Can waje wani direba yana ta danna oda.
Na ɗauki fitila.
Akwai sauran bango uku.